Darasin Wannan Wata: Tambayi Ƙasarka Kafin Ka Sayi Iri

Ga bazara ta kawo jiki, kowa ya soma tunanin iri, waɗansu kuma suna shirin sayen dabba ko dashen itace. Saboda haka darasinmu a kan abu ɗaya yake, watau dalilin da ya sa abin da ya yi albarka a garin wani yakan ƙi a garinka. A karanta shi a taron ƙungiya, a hankali, a bar dattawa su sa baki.

Bari in fara da tona asirin kaina. Shekarar da na kama wannan aiki, na ziyarci wani abokin karatuna wajen Kafanchan. Na ga dawarsa, kara ya yi tsawon mutum biyu, zangarniya kuwa kamar damtsen ƙato. Na roƙi mudu biyu, na kawo ƙauyen da nake aiki, arewa da Potiskum, na shuka a gonar majami'a, a bakin hanya, domin kowa ya gani ya yi koyi. Dawa ta tsiro, ta yi kore shar, masu wucewa suna tsayawa kallo. Da Satumba ta shiga, dawar maƙwabta ta fid da kai, tawa ko alama. Ruwa ya ɗauke, tawa tana nan tana ta tsawo. Sa'ad da ta ga dama ta yi ciki, ƙasa ta riga ta bushe ƙayau. Abin da muka girbe kara ne, da shi aka yi wa makarantar Lahadi danga. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, dawarka ba ta da laifi. Baƙuwa ce, ba ta san lokacin tashin kasuwar garin nan ba."

Dattijon nan ya fi ni gaskiya. Dawarmu ta gargajiya ba kwanakin shuka take ƙirgawa ba, tsawon dare take aunawa. Daga ƙarshen Yuni yini yakan riƙa raguwa, dare yana ƙaruwa. Bambancin na 'yan mintoci ne, mu ba mu cika lura ba, amma dawa tana ji. Kowace dawa tana da tsawon daren da take jira kafin ta fid da kai, kakanninmu kuwa, da zaɓen zangarniya shekara da shekaru, sun daidaita dawar kowane yanki da lokacin ɗaukewar ruwan wurin. Ta Kafanchan tana jiran Oktoba, gama a can ruwa yana kaiwa ƙarshen Oktoba. Da a ce ta Potiskum na kai Kafanchan, da ta fid da kai a tsakiyar ruwa, ƙwaya ta yi baƙi da fumfuna, tsuntsaye kuma su taru a kanta tun da ita kaɗai ta nuna.

Daga teku zuwa hamada

Iska biyu ne suke raba mana shekara. Ɗaya tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da ruwa. Ɗaya kuma daga Sahara, arewa maso gabas, ita ce ta hunturu. Iskar teku takan fara isa kudu, ta kuma bar can a ƙarshe, saboda haka ruwa yana raguwa yayin da mutum yake yin arewa. Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara, ana ruwa wajen wata tara. Kaduna wajen 1,200 cikin wata shida. Kano wajen 800 cikin wata huɗu zuwa biyar. Nguru da kyar take kai 500. Agadas kuwa ba ta kai 200 ba. (Milimita 1 shi ne lita 1 ta ruwa a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi.) Amma ga shuka da dabba, yawan ruwa ba shi ne babbar magana ba. Babbar magana ita ce wata nawa za a yi babu shi.

Mai Zabura ya lura da wannan tsari tun da daɗewa. A Zabura 104 ya ambaci shamuwa da itacen da take sheƙa a kai, da awakin jeji a kan tsaunuka, da rema cikin duwatsu, kowa da mazauninsa. Mahalicci ya sa wa halitta ikon sabawa da wuri: wadda ta dace ta rayu ta bar zuriya, wadda ba ta dace ba ta ƙare, a hankali har jikin kowace ya zama daidai da ƙasarta.

Kudu ba za ta ɗauke mu lokaci ba. A bakin teku, inda Kwara take rarrabuwa ta shiga ruwan gishiri, akwai itatuwa masu tsayawa a kan saiwoyi kamar ƙafafu, gama taɓon wurin ba shi da iska, sai saiwa ta fito waje ta shaƙa. Bayansu sai babban kurmi, ƙasar goro da koko da kwakwar manja da loko. A can ba ruwa ake faɗa a kai ba, hasken rana ne. Shi ya sa itace yake miƙewa sama ba reshe, ganye kuma yake da faɗi da tsini a baki domin ruwa ya zube da sauri. Abincin ƙasar kurmi yana sama sama ne, cikin ruɓaɓɓen ganye. In an sare kurmin, ruwa ya wanke shi cikin 'yan shekaru. Wanda ya ga kwakwar manja a bakin rafi a kudancin Kaduna, kada ya ce ai tana yi a arewa. Rafin ne ya jawo ɗan yankin kurmi ya shigo da shi, taku ɗari daga bakin ruwan labari ya sake.

Ƙasar wuta

Daga wajen Binuwai da Neja har zuwa Zariya da kudancin Bauchi, ƙasar doguwar ciyawa ce, ƙasar gamba, da doka, da maje, da ɗorawa, da kaɗanya. Ruwa ya isa ciyawa ta fi mutum tsawo, rani kuma ya isa ta bushe sarai. Inda aka sami waɗannan biyu, wuta ba ta rasa zuwa. Saboda haka itatuwan wurin duk shirin wuta suka yi. Ku taɓa ɓawon kaɗanya, ku ji kaurinsa, a tsattsage kamar bayan kada. Garkuwa ce. Ƙwallonta ma da dabara yake tsirowa: yakan tura toho cikin ƙasa tukuna, sa'an nan ya fito, domin in wuta ta cinye na sama, idon yana nan a ɓoye. Doka kuwa ko an sare ta, sai ta ɓullo daga saiwa. Gamba tana ajiye ƙarfinta a gindi.

Amma garkuwa tana da iyaka. Wutar Nuwamba, sa'ad da ciyawa take da sauran danshi, lasa take yi ta wuce. Wutar Maris, wadda samari suke sawa don gafiya, ita ce mai kashe ƙananan itatuwa. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ku duba gonakinmu: tsofaffin kaɗanya da ɗorawa suna nan, amma ina 'yan bayansu? Man kaɗe da daddawa su ne kuɗin makaranta a hannun mata da yawa. Gafiya nawa za a kama su biya wannan? Zumuntar mata tana da haƙƙin ta yi magana a kan wannan a gaban dattawan ikkilisiya.

A wannan yanki ne kuma ƙudan tsando yake, a inuwar itatuwan bakin rafi, shi ne mai kawo wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci. Ku dubi muturu, ɗan guntun sa marar tozo. Ana yi masa dariya, ba ya ba da madarar kirki, amma jininsa ya saba da sammore, yana kiwo lafiya inda babban bijimin arewa zai rame ya mutu. Gajerun awaki da tumakin kudu ma haka suke. Tun da aka sare dazuzzuka da yawa, tsando ya ja baya a wurare da dama, shi ya sa yanzu ake ganin fararen shanun Fulani suna zama a kudu rani da damina. Duk da haka wanda gonarsa take kusa da kurmin rafi, ya tambayi likitan dabbobi kafin ya zuba kuɗinsa a shanun noma.

Tudun Jos dabam yake. Tsayinsa wajen mita 1,200 ne, sanyinsa ya sa dankalin Turawa yake yi, acca da tamba kuma suna jure wa tsakuwar wurin. Mambila ta fi shi tsayi, har shayi ake nomawa. Kada mutumin Gombe ko Yola ya yi gasa da su a kan wannan.

Ƙasar gawo da kuka

Yanzu mun zo Kano, Katsina, Sakkwato, Yobe, Borno, da Maraɗi da Damagaram a ƙetare. A nan rani wata bakwai ne ko takwas, kowane mai rai kuma yana da amsar da ya ba wannan rani.

Kuka ajiya take yi. Cikinta ba katako ba ne sosai, kamar soso yake, cike da ruwa. Da kaka ta yi sai ta zubar da ganye ta rufe bakin randa. Aduwa da magarya da bagaruwa ƙanƙanta ganye suka yi domin kada ruwa ya fita, suka kuma yi ƙaya saboda bakin akuya. Ƙarangiya ba ta ma tsaya yin faɗa da rani ba. Cikin 'yan makonni ta tsiro, ta yi 'ya'ya, ta mutu, ta bar iri ya maƙale a wandonka ka kai mata shi wani wuri. Gero ɗan wannan gida ne: wani cikin kwana 70 zuwa 90 ya gama. Dawa kuwa in ƙishi ya kama ta sai ta naɗe ganye ta dakata, farin garin nan da yake jikin karanta kuma yana rage fitar ruwa. Masara ba ta iya wannan haƙuri ba. In fari ya same ta lokacin da take fid da gemu, shi ke nan.

Gawo kuwa, ban san itacen da ya kai shi ban mamaki ba. Sa'ad da kowa yake kore da damina, shi tsirara yake. Da ruwa ya ɗauke, sai ya yi ganye. Asirinsa saiwa ce mai nutsawa ƙasa ƙwarai, har mita 20 ko fiye, ta iske ruwan da rijiya take sha. Ku lissafa abin da manomi yake samu. Da damina ba ya yi wa gero inuwa. Ganyensa yana zuba daidai lokacin shuka ya zama taki. Saiwarsa, kamar ta wake da gyaɗa, tana jawo wa ƙasa abinci daga iska. Da rani dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna bar masa kashi. Kowa ya ga yadda geron gindin gawo yake fin na fili baƙi da kauri. Ba banza ba ne Sarkin Damagaram ya kafa doka mai tsanani a ƙarni na 19 a kan mai sare gawo. Yau kuwa sai ka ga an datse shi ƙurmus saboda tunkiya ɗaya, ko an tuge ƙananan domin garmar shanu ta wuce. A ganina wannan sayar da rumbu ne a sayi mudu.

Wani abu kuma: furen kuka da na ɗorawa da dare suke buɗewa, jemage ne yake kai musu garin fure daga wannan itace zuwa wancan. A faɗa wa yara masu danƙo.

Ko cikin wannan busasshiyar ƙasa akwai fadama, ita ma da nata mazauna. Gaiwa tana da huhu. In tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina, ta bar 'yar ƙofar iska, ta kwanta wata da watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. A baƙar ƙasar firgi ta wajen Tafkin Chadi, manoma suna dasa masakwa bayan ruwa ya janye, wajen Oktoba, su girbe a Janairu ko Fabrairu ba tare da ɗigon ruwan sama ba, gama laka ta riƙe danshi. A fadamar Haɗeja da Nguru tsuntsaye suna zuwa tun daga Turai su yi hunturu. Amma bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta sake hali, kacalla ta cika hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka sha wahala. In aka taɓa ruwan wuri, an taɓa dukan abin da yake zaune a wurin.

Dabbobin arewa ma a jikinsu ƙasarsu take rubuce. Uda da balami da akuyar Buzaye dogayen ƙafafu gare su, domin kiwo da ruwa suna nesa. Bunaji fari ne, fatarsa baƙa, ga fata tana reto a wuya, duk maganin rana ne. Shanun Kuri na Tafkin Chadi iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri, amma in ka raba su da tafki ba su jin daɗi. Tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma wajen kashi ɗaya cikin goma bayan farin 1973 da na 1984, Kuri kuma suka ragu tare da shi. Raƙumi kuwa, tozonsa kitse ne, ba ruwa ba. Dabararsa ita ce yana barin jikinsa ya yi zafi da rana, har ya wuce digiri 40, ya huce da dare, maimakon ya ɓata ruwa wajen gumi. In ya sami ruwa yakan sha wajen lita 100 a tsaye ɗaya. Amma ka kai shi ƙasar laka da ƙudan cizo, ka ga sarkin haƙuri ya zama abin tausayi.

To, baƙo fa?

Kada wani ya tashi daga taron nan ya ce malamin gona ya hana sabon abu. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Mangwaro da dogonyaro daga Indiya. Dogonyaro ya zauna da mu domin ƙasarsu ma tana da dogon rani. Akwai kuma sababbin irin masara da wake da dawa masu saurin nuna waɗanda masu bincike na Samaru da Ibadan suka fitar saboda gajeriyar damina, suna kuwa da amfani ƙwarai yanzu da ruwa yake yawan yi mana wasa. Tambayar ba wai baƙo ne ko ɗan gida ba. Tambayar ita ce: inda ya fito, ruwa wata nawa ne, zafi yaya, wace cuta ce a can, wace ce a nan?

Ku ɗauki saniyar Holan, mai baƙi da fari. A ƙasarsu tana cika bokiti. Amma ita 'yar sanyi ce, zafi ya wuce digiri 25 ta fara haki ta rage ci, a Kano kuwa Afrilu yana kaiwa 40. Ga kaska, ga kirci. A Vom da Mambila tana iya zama. A sauran wurare, ruwa biyu ta fi, shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa ta da Bunaji. Ko ruwa biyun ma sai mai dusa da inuwa da kuɗin magani. Na ga ƙungiyar da ta ci bashi ta sayi irin waɗannan shanu, kafin shekara biyu saura fata da bashi. Shawarata ita ce, kowane sabon iri a gwada shi a kunya biyar ko goma, kusa da na gida, shekara biyu ko uku, har a ga yadda zai yi a shekarar ƙarancin ruwa. Irin gida kuma kada a cinye shi duka.

Abin da aka gani a Maraɗi

Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa a Jamhuriyar Nijar, yawancinsu baƙi, yawancinsu kuma suka mutu. Wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin masu wannan dashe a Maraɗi, har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya tsaya ya dubi 'yan kurarrajin tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara, sai ya gane ba ciyawa ba ce. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Daji ne a binne. Aka fara roƙon manoma su bar kaɗan su gyara. Da fari an yi musu dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. Daga baya masu bincike da hotunan sama sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa ba wanda ya dasa su. Gawo ne, da kalgo, da sabara, da aduwa, da magarya, 'yan gida masu tsohuwar saiwa, waɗanda ba su bukatar ban ruwa. A Farawa sura 2 aiki biyu aka ba Adamu a gonar, noma da tsaro. Mun ƙware a na fari.

Aikin wannan wata

Kafin a fara sassabe, ƙungiya ta zaɓi gonar mutum ɗaya, ku tafi tare, da dattijo ko tsohuwa wadda ta san sunayen itatuwa. Ku bi gonar daga wannan iyaka zuwa waccan, mai rubutu yana rubuta kowane kututture mai toho da sunansa. Ku tambayi tsofaffi waɗanne itatuwa da namun daji ne suke wurin a ƙuruciyarsu waɗanda babu su yanzu, a rubuta wannan ma, a kawo mini in na zo zagaye.

Sa'an nan mai gona ya zaɓi waɗanda yake so, ko da 40 ne a hekta. A kowane kututture a bar toho uku zuwa biyar, masu ƙarfi, miƙaƙƙu, a sare sauran. A share rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon, kada a wuce haka. Adda ta zama mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. A ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki, masu neman itace da makiyaya su san da mai shi, a kuma sanar da mai unguwa da arɗo tun kafin a fara. Rassan da aka sare a bar su a gonar su tare ƙasar da iska take kwashewa, in ganyen ya zube mata su ɗauki itacen. Bayan wata uku ko huɗu a koma a sake gyarawa, gama sabon toho zai fito.